Kusurwar da Ta Zo ta Hagu

'Yata ta biyu bahaguwa aka haife ta. Tun tana rarrafe, in ka miƙa mata abu, hannun hagu ne ke fara zuwa. Ni dai ban ga abin tashin hankali ba, amma uwar mijina, wadda duk gidanmu na unguwar Abbaganaram ke kira Kaka, ta ɗauki gyaran hannun nan tamkar shi ne aikin da Allah ya bar ta a duniya ta ƙarasa. In an zuba burabusko, Kaka na gefe da maficinta, ba don zafi ba. Hannun hagu na doso kwano, sai ka ji fat.

"Dama, fero, dama!"

Fero yarinya ke nan a bakinmu. Haka 'yar ta koyi ci da dama, karɓa da dama, rubutu da dama. Sai dai ta haɗa da wani abu da babu wanda ya yi niyyar koya mata. Kafin ta yi komai takan ɗan dakata, ta dubi fuskokin mutane, ta ga ko abin da ya fara zo mata daidai ne. Yawanci takan yanke cewa ba daidai ba ne, ta yi shiru.

Da ta shiga ajin farko na ƙaramar sakandare, shirun ya bi ta. Malamarsu ta lissafi ta rubuto a takardar ƙarshen zango cewa yarinyar na da ƙoƙari, amma ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Na karanta wannan layin da kaina, sau biyu, da yatsa, domin ni karatuna na girma ne. Sai da na yi haihuwa uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Muna zuwa da yamma, bayan yara sun tashi, mu zauna a bencinsu gwiwoyinmu na dukan tebur. A can na koyi karatun Hausa, da tarawa da ɗebewa, da ɗan Turanci. Turancin nawa bai da yawa, amma abin da na riƙe na riƙe shi da kyau. Malaminmu kan tsayar da mu, mata wajen talatin cikin lafaya, ya ce, "Rayit han!" mu ɗaga dama. "Lef han!" mu ɗaga hagu. Wata tsohuwa a gefena kullum biyun take ɗagawa, wai don kada a kama ta. Ni kuwa ban taɓa kuskure ba. Rayit dama, lef hagu. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa.

Wata ranar bayan la'asar ina zaune a ƙarƙashin rumfa ina ɗinkin hula, wadda ita ce sana'ata, sai na lura 'yar ta kifa kai a kan littafi, ƙaramin akwatinta na kayan lissafi a buɗe, rula da kamfas duk a waje kamar kayan wanzami.

Na ce, "Me ya faru?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin ne ya sa tun kiran salla kike kallon shafi ɗaya?"

Ta ɗago. "Mama, ni kaina ba ya ɗaukar zane."

Kaka na kishingiɗe a tabarma, mun ɗauka barci take. Ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Zane kuma a kai? Ai a ƙugu ake ɗaura shi. Wannan makaranta taku."

"Kaka, ba zanen ɗaurawa ba. Zanen lissafi."

"To shi a ina ake ɗaurawa?"

"Ke dai tsohuwa ki yi barcinki."

"Na yi. Kukanki ne ya tashe ni."

"Ni ban yi kuka ba."

"Kin kusa."

Na ajiye allura na matsa kusa da ita. Ta yi ƙasa da murya, don kada Kaka ta samu abin cafkewa, ta ce in lamba ce, ko guda nawa a kawo mata. Amma da zarar Malama ta zana abu a allo, sai duk aji su ce "eh, Malama," su gyaɗa kai, ita kuma ta ji kamar kowa na ganin wani abu a ciki, ita kaɗai ce ba ta gani. Na ce ta tabbata suna gani? Ta ce ai suna gyaɗa kai. Sai na tuna tsohuwar nan mai ɗaga hannu biyu.

A shafin akwai alwatika guda huɗu, wato zanen nan mai kwana uku. Kowacce an yi mata ɗan akwati a kusurwa ɗaya, ƙanƙane kamar ɗakin kaji. A sama an rubuta wasu kalmomi da manyan baƙaƙe. Na sa yatsa na fara haɗawa. Ta biyun ban san ta ba, 'yar ta ce angul ce, wato kusurwa. Amma ta farkon! Sai na ji kamar na haɗu da 'yar unguwarmu a baƙon gari.

Na ce, "Rayit. Wannan ai na san ta."

Na dubi zanen. Alwatika ta farko, ɗan akwatin na dama. Ta biyu, dama. Ta uku da ta huɗu, dama. Wallahi duk huɗun a dama suke. Ban san wanda ya shirya littafin nan ba, amma yana da hannu a abin da ya biyo baya.

Na ce, "Ke 'yar nan, wannan ne ya hana ki sakewa? Rayit angul, kusurwar dama ke nan. Ga ta nan a dama."

Ta duba. Ta sake dubawa. Na ga fuskarta ta fara washewa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Kaka ta ce daga tabarma, "Ka ji. Har Turawa sun san dama ce gaba."

A shafi na gaba aka cire 'yan akwatunan, aka ce ɗalibi ya sa da kansa. Nan muka ɗan tsaya, domin kowace alwatika tana da wata kusurwa a dama, wata tsinin allura, wata ta wage baki. Ba zai yiwu duk su ci akwati ba. Na koma shafin baya na ƙura wa masu akwatin ido, sai na ga na san su su ma. Duk mai ɗinkin hula ta san su. Yadin hula zare biyu ne, ɗaya na tafiya tsaye, ɗaya a kwance. Inda suka gamu, kwanar ba ta jingina ba, ba ta kuma miƙe ƙafa ba, tana zaune daram kamar baƙuwa mai kunya. In ka kuskure wannan kwanar a farkon hula, adon zai yi ta karkacewa har ya zagayo bai sami ɗan'uwansa ba. Na yanko ƙyalle daga ragowar yadi, na bi zare na gyara masa kwana ɗaya, na ba ta.

"Ki riƙa ɗora wannan. Wadda ta cika shi cif, ba ragi ba ƙari, ita ce mai akwati."

Ta ɗora a ta farko, ta cika. Ta biyu, ta cika. A ta uku ta tsaya.

"Mama, wannan ta cika, amma a hagu take."

Na karɓi littafin. Gaskiya ne, a hagu take. Ina tunani, ita kuma tana kallon fuskata irin kallon nan nata. Na san in na ce ban sani ba, hasken da ya fara shigowa zai koma. Kuma, in faɗi gaskiya, a lokacin ban ji cewa ban sani ba. Amsar ta zo min sumul.

Na ce, "To wannan lef angul ce. Ta zo ta hagu. In yaro ya miƙo miki abu da hagu, me ake yi?"

Kaka ta amsa, "Fat."

"Ba fat ba, Kaka. A ce ya juyo da dama." Na juya littafin a hankali a kan tabarma, har kusurwar ta dawo ɓangaren dama. "Ga ta. Yanzu ta yi ladabi. Sa mata akwatinta."

'Yar ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke sama ta juyo da ita, wadda ta tsaya a kan tsininta ta zaunar da ita, duk ta kawo su dama ta sa musu akwati. Da babansu ya dawo daga Kasuwar Litinin, inda yake sayar da hatsi, ta tare shi tun daga zaure da littafin. Ya duba, ya juya shi shi ma, ya mayar mata.

Ya ce, "Ni mudu na sani, shi kuma ba shi da kwana. Ku da uwarku."

Washegari ta dawo da jan biro a shafin daga sama har ƙasa, duk alamar daidai. Bayan kwana biyu haka. Ta daina jiran in zauna da ita. Ta fara bin gida da ƙyallen, tana ɗora shi a bakin ƙofa, a gefen tabarma, a taga. Ta gano cewa ƙofar kicin ɗinmu ba ta cika ba, abin da muka shekara goma muna zargin kafinta da shi ba mu da shaida. Ta ɗora shi a gwiwar Kaka tana zaune, Kaka ta ce in ta sake za ta sa mata akwati a goshi. Daga baya ma ta daina ɗora ƙyallen, sai dai ta karkata kai ta dubi abu ta ce, "Ta cika," ko "Saura kaɗan." Ni kuwa a makon nan tafiyata ma ta canja. Na gaya wa maƙwabciyata cewa lissafin sakandare ba wani abu ba ne, suna ne kawai. Allah ya yafe min.

Ranar Alhamis ta dawo da azahar, ba sallama mai ƙarfi. Ta cire hijabi ta ninke shi, abin da ba ta taɓa yi ba sai an yi magana. Ta zauna a bakin rumfa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga min murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Mama."

"Na'am."

"Babu lef angul."

"Babu?"

"Babu ita a duniya."

Da ƙyar na tattaro labarin, rabi daga bakinta a ranar, rabi daga baya. Malama ta zana babbar alwatika a allo, kwanar da ta cika tana hagu, ta sa mata akwati, ta ce wannan rayit angul ce. Aji ya ce, "Eh, Malama." Sai 'yata, wadda tun shigarta makarantar ba a taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. Malama har ta yi murna, ta ce kowa ya yi shiru. 'Yar ta miƙe ta ce, da ladabi, Malama ta yi kuskure, wannan lef angul ce, sai an juya ta. Malama ta ce a juya me? Ta ce allon.

Allon nan a jikin bango yake, da siminti aka yi shi.

'Yar ta ce dariyar da aka yi, har 'yan ajin da ke kusa sai da suka leƙo. Kafin a tashi tara sun raɗa mata suna. A bakin famfo, a wajen mai awara, har a cikin keke a hanyar gida: "Lef Angul, matsa mana." "Lef Angul, a juya miki keken?"

Kaka ta tashi zaune. "Su wa? 'Ya'yan wa? Kawo min mayafina."

"Kaka, ki zauna. Gaskiyarsu ce."

"Gaskiyar me? Hagu hagu ce ko a allo."

'Yar ta ciro ƙyallen daga aljihun jaka ta ajiye a kan kwandon zarena, a hankali, kamar mai mayar da aron da ba ta ji daɗinsa ba. Ta ce, "Da ma na faɗa miki kaina ba ya ɗauka. Ba zan ƙara ɗaga hannu ba."

Na ce, "Ba kanki ba ne. Nawa ne. Ki yi haƙuri."

Ta ce ba komai. Irin ba komai ɗin nan.

Juma'a da Asabar da Lahadi na yi su ina warware ɗinki, domin duk abin da na ɗinka sai ya karkace. Ba sunan ne ya dame ni ba, yara kan gaji da suna. Abin da ya dame ni shi ne, sau ɗaya tak yarinyar nan ta yarda da abin da idonta ya nuna mata har ta miƙe tsaye, kuma ni na tura ta, da kaya marar kyau. Maficin Kaka shekaru ya ɗauka yana aikinsa. Ni mako ɗaya ya ishe ni.

Ranar Litinin na bari ta tafi, sannan na naɗa lafayata mai kyau, na sa ƙyallen a jaka, na tari keke. Ban taɓa shiga makarantar ba sai ranar da aka kai ta. Na sami Malama a ofis tana cin gyaɗa a kan tarin littattafai. Matashiya ce, 'yar kudancin jihar nan, Hausarta da sauri kamar ana bin ta. Na gaishe ta, na tambayi aiki, na tambayi gida, na tambayi zafi. Da gaisuwa ta ƙare ba ni da sauran wurin ɓuya, na ce ni ce uwar yarinyar nan ta ranar Alhamis, kuma lef angul ɗin daga wurina ta fito.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta rufe baki da hannu, ta dubi taga. Amma da na kai wurin "yanzu ta yi ladabi," gyaɗar ta sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya.

Da ta samu numfashi ta ce, "Mama, ki yafe ni. Wallahi ba ke nake wa ba."

"Ni ce mana. Yi abinki, na zo da shirina."

Ta share ido ta ce rayit ɗin da na sani gaskiya ce, dama ce. Amma kalmar tana kuma nufin daidai. A wannan wurin kuwa tana nufin abin da ya tsaya kyam, bai jingina ba.

Na ce, "Kalma ɗaya aiki uku? Su Turawan ƙarancin kalmomi ne ya same su?"

"Mama, ke da za ki ce min zane, in rasa na ɗaurawa ne ko na allo?"

Na ce ta yi gaskiya, a gidanmu ma an yi wannan shari'ar.

Sai ta jawo littafin 'yata daga cikin tarin, ta buɗe. Ta bi jan bironta da yatsa, shafi uku, ta daina dariya. Ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai ke nan tun ranar: yarinyar da ba ta san ma'anar kalmar ba, yaya aka yi ba ta faɗi ko ɗaya ba? In tana kawo kusurwa dama, to ta yaya take sanin wadda za ta kawo?

Na fito da ƙyallen. Na nuna mata zaren tsaye da na kwance. Na ce da farko ɗorawa take, yanzu kuwa da ido take yi.

Malama ta juya ƙyallen a hannunta. Ta ce, "Kin san abin da ke ba ni wahala da ajin nan? In na zana kusurwar nan a zaune, kowa ya sani. In na ɗan karkata ta, sai su ce ba a koya musu ba."

Na ce ni dai roƙona ɗaya, ta bar ni in shiga in gaya wa yaran cewa kuskuren nawa ne, a cire wa 'yata sunan a sa min.

"A'a, Mama. 'Yan ajin nan? Kafin la'asar sunanki ya kai har ƙauyen Dusuman. Ki dai zo ki zauna a baya. Iyaye kan zo kallo. Kada ki ce komai."

Rashin cewa komai ba ya min wuya. Na bi ta.

Aji ya miƙe ya gaishe mu da waƙa-waƙa. Aka ba ni benci a can baya, gwiwoyina suka daki tebur, na ji kamar na koma yaƙi da jahilci. 'Yata na layi na biyu daga baya, kusa da taga. Da ta gan ni, ta ja hijabi har gira, ta nutse a benci kamar mai neman ƙasa ta buɗe. Wata doguwar yarinya a layin gaba ta waiwayo ta dube ta, ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, suka danne dariya. Na gane ita ce mai raɗa suna.

Malama ta ɗauki alli da babbar rula ta katako. Ta zana alwatika uku, ba wadda ta zauna. Ɗaya ta tsaya a kan tsininta, ɗaya ta kwanta rigingine, ɗaya kamar iska ta kwashe ta. Ba ta sa akwati ko ɗaya ba. Ta ce a kwafa a littafi, sannan ta ce a cikin ukun nan ɗaya ce kawai ke da rayit angul. Wa zai nuna?

Kowa ya sunkuyar da kai. Ba "eh, Malama" yau.

Wani daga tsakiya ya ce, "Malama, ai duk sun faɗi."

"Sun faɗi, amma ba su mutu ba. Wa zai nuna?"

Ta kira doguwar nan. Ta fito da ƙarfin hali, ta tsaya gaban allo, ta dubi wannan ta dubi waccan. Sai ta sa akwati a kusurwar da ke can dama, wata mai tsini kamar bakin allura. A dama! Na sunkuyar da kai, don kada fuskata ta yi magana. Ashe ba ni kaɗai ba ce a garin nan.

Malama ta ce, "Me ya sa ita?"

"Ita ce... ta fi kama."

"Kama da wa? Koma ki zauna."

Wani ya fito ya zaɓi ta ƙasa, wai don ita ce a ƙasa. Wata ta ce a ba ta ma'aunin kusurwa, Malama ta ce yau ido take so. Ni tun tuni na gan ta. Tana can sama a alwatikar da ta kwanta rigingine, zaune daram, ta cika cif. Amma ba allon nake kallo ba.

'Yata ta kwafa zanen. Kanta a sunkuye, amma na ga ya ɗan karkata. Sai na ga hannunta na dama ya dafe littafin, ya fara juya shi a kan tebur, a hankali, kamar mai gudun a ji. Ta tsaya. Ta ɗago ta dubi allo. Sannan ta yi abin da na san za ta yi: ta dubi fuskokin mutane. Ta dubi doguwar, ta dubi Malama. Malama ta yi kamar tana goge alli a hannu. Ta waiwayo ta dube ni. Ni kuma na ƙura wa wata tsaga a bango ido, kamar ita na zo gani. Ban gyaɗa kai ba. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, har da haihuwa.

Da na saci kallo, hannu na sama.

Na hagu.

Damar na kan littafi, ta danne shi kada ya juya. Hagun ce ta tashi da kanta, kamar lokacin rarrafe. Wallahi sai da kalmar "dama" ta zo min har bakin leɓe, da muryar Kaka da komai. Na cusa gefen lafaya a baki na cije.

Wani ya yi raɗa, "Lef Angul," aka ɗan yi gunagunin dariya. Malama ta miƙa mata alli. Ta fito, ta wuce ta farko, ba ta ko kalli ta uku ba, ta tsaya gaban mai rigingine. Kusurwar ta yi mata tsawo, sai da ta yi ɗage. Ta zana ɗan akwatin, layi biyu, tsaf, da hannun da ta karɓi allin.

Malama ta ɗauko babban ma'auninta na katako ta ɗora. Ya zauna kamar don shi aka yi wurin. Ta bar shi a nan ta ɗan jima, don kowa ya gani.

"Ya aka yi kika sani?"

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. "Na juya ta."

"Allon?"

Aji ya fashe da dariya, ita ma sai da ta murmusa. "A'a, Malama. A littafi. Da a kaina." Sannan ta ƙara, ba wanda ya tambaye ta: "Ko an juya ta, ita ce dai. Ba ruwanta da dama."

Malama ta ce kowa ya juya littafinsa ya gani. Sai ga aji guda ana ta juya littattafai a kan tebur, ana karo da gwiwar hannu, wasu har da karkata wuya kamar kaji na kallon shirwa. Doguwar ta juya nata sau biyu, ta waiwayo ta ce, "Ke Lef, zo ki nuna min, tawa ta ɓace." Na lallaɓa na fita kafin a tashi. Ƙyallen na bar wa Malama, ta ce tana so.

Sunan bai tafi ba. Har ta gama ƙaramar sakandare ƙawayenta Lef suke ce mata, tana amsawa.

Da ta dawo a ranar, tun daga zaure muka ji sallamarta. Ta jefar da hijabi a kan igiya yadda ta saba, ta zauna ta ba Kaka labari tun daga farko, da muryar Malama da tafiyar doguwar. Kaka na saurare, mafici a cinya.

"To, to. Kika fita gaban mutane. Kika karɓi allin." Ta ɗan runtse ido. "Da wane hannu?"

'Yar ta dube ni. Na ci gaba da zura zare a allura.

Ta ce, "Da wanda ya fara zuwa."

Kaka ta ɗauki maficin. Ta dube shi, ta dubi jikarta, ta dubi hannun. Sai ta fara fifita.

"Zafin garin nan," in ji ta, "ya fi na bara."